Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Tayar Titi Daban, Tayar Filin Tsere Daban

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina da BMW 335i mai ƙofa biyu, ƙirar 2009, wadda aka shigo da ita daga Amurka. Da ita nake zuwa aiki kullum daga Barnawa zuwa cikin garin Kaduna, wani lokaci in yi Abuja ko Zariya. Sannan lokaci-lokaci ni da abokaina muna karɓar hayar wani fili mai kwalta da shinge, mu jera robobi mu yi zagaye ana ɗaukar lokaci. Tayoyin da ta zo da su sun suɗe, musamman kafaɗar waje ta na gaba. Wani abokina ya ce in sayi tayar tsere mai ƙarancin zane in riƙa hawa ko'ina. Wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, in je kasuwa in ɗebo 'yan Beljiyam tunda dai ƙone su zan yi. Wace taya ce za ta yi mini duka biyun?
— Mai karatu daga Barnawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗi da ka ce fili mai shinge kuke nema, ba titin Ahmadu Bello ba, ba kuma gadar Kawo da tsakar dare ba. Allah ya ƙara muku wannan hankalin.

Tayar da kake nema babu ita. Akwai masu kusantar haka, zan kuma faɗi sunayensu, amma shawarata ita ce ka yi rim kashi biyu: huɗu na titi da taya mai kyau wadda ta san ruwa, huɗu na fili da kake ɗaurawa ranar wasa kawai. Abokanka biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. Na farko ya san tayar tsere na kama kwalta, bai yi tunanin watan Agusta ba. Na biyu ya san fili na cin taya, bai yi tunanin abin da suɗaɗɗiyar taya ke yi idan ta ɗau zafi ba.

Tayar tsere ana yin ta da roba mai laushi wadda sai ta yi zafi take nuna aikinta, kuma ana rage mata tsagogi don roba mai yawa ta taɓa ƙasa. Tsagogin nan da aka rage su ne magudanar ruwa. Sabuwar tayar titi tana zuwa da zurfin zane wajen milimita 8, irin ta tsere kuwa tun tana sabuwa ba ta kai haka ba, kuma zagaye kaɗan a fili zai ƙara zaftare shi. Kai kuma a Kaduna kake, inda ruwa ke sauka daga wajen Mayu har Oktoba, kuma ka san yadda yake kwanciya a wasu wuraren bayan an ɗauke. Idan ka shiga kwantaccen ruwa da gudu a kan taya mai gajeren zane, ruwan ba ya samun hanyar fita, sai tayar ta hau kansa. Za ka ji sitiyari ya yi sakwat a hannunka, ka murza babu amsa, ka taka birki babu amsa. Motarka da ƙafar baya take ja, injinta na ba da ƙarfin doki wajen 300, kuma tayar bayanta ce mafi faɗi. Taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa. Ruwan farko na damina ma ya fi sharri, don yana haɗuwa da ƙurar rani da baƙin man da ya ɗiɗɗiga a titi wata da watanni.

Akwai kuma asarar da ba a gani da ido. Duk sanda tayar tsere ta ɗau zafi ta huce, robarta na ƙara tauri kaɗan. Idan kana zuwa ofis da ita kullum, kana ƙarar da laushin da ka biya kuɗi dominsa a cunkoson Kasuwar Barci da Kakuri. Ranar wasa ta zo, zane na nan, kamun ya tafi.

Yanzu ga yadda za ka karanta taya da kanka, don kada ka dogara da bakin mai shago. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ginshiƙin. Akwai takarda manne da ke ɗauke da girman taya da yawan iska. Irin motarka mai rim inci 18 yawanci tana ɗaukar 225/40 R18 a gaba da 255/35 R18 a baya. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, kashi nawa cikin ɗari na faɗin. Wato gefen tayarka bai wuce milimita 90 ba, shi ke nan abin da ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. Bayan girman za ka ga lamba da harafi, misali 92Y. Lambar nauyin da taya ɗaya za ta ɗauka ne: 88 kilo 560, 90 kilo 600, 92 kilo 630, 94 kilo 670. Harafin kuma iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270, Y 300. Kada ka sauka ƙasa da abin da takardar ƙofa ta ce. Kar ka ce ai ba na kai 270. Harafin yana gaya maka yadda aka gina tayar ta jure zafi, zafi kuwa shi ne ke kashe taya a ƙasar nan.

Sai wata lamba da ake rubutawa ƙanana kusa da kafaɗa, bayan kalmar TREADWEAR. Gwamnatin Amurka ce ta tilasta a riƙa sa ta, tana nuna saurin cinyewar roba. Ƙaramar lamba, roba mai laushi mai saurin ƙarewa. Ba a auna ta tsakanin kamfani da kamfani daidai-wa-daida, don kowane kamfani shi ke sa wa tayarsa, amma tana raba maka tayoyi gida-gida. Masu 300 zuwa 340 su ne tayoyin titi na motocin gudu, irin su Michelin Pilot Sport 4S da Continental ExtremeContact Sport 02. Masu 200 su ne 'yan tsakiya da suka fi karkata ga fili, irin su Bridgestone Potenza RE-71RS, Yokohama Advan A052, Falken Azenis RT660 da Hankook Ventus RS-4. Masu 100 irin Toyo Proxes R888R kuwa na fili ne zalla, ko da doka ta yarda a hau titi da su a wasu ƙasashe. A wurin nan kuma za ka ga TEMPERATURE da harafi A, B ko C. Kai A kawai za ka karɓa.

Na titi, ɗauki daga gidan 300 zuwa 340. Idan aljihu bai kai rim kashi biyu ba a yanzu, wannan gidan ne zai raka ka fili ya dawo da kai gida lafiya, da sharaɗin ka yi zagaye uku ko huɗu ka fito ta huce. Za ka ji da kanka lokacin da ta gaji: gaba zai fara ƙin bin sitiyari, tayar ta fara ihu a kwanar da ɗazu ta sha shiru. Idan ka ci gaba da matsa mata a wannan halin, robar kafaɗa za ta fara ɓantarewa gutsure-gutsure, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Na fili, ni Hankook RS-4 na fi so ga mutum irinka. A052 da RE-71RS sun fi ta ba da lokaci mai kyau, amma sun fi saurin ƙarewa, musamman ƙarƙashin mota mai nauyin kilo 1,600 a kan tsohuwar kwalta mai kaushi. RS-4 an san ta da jure zafi da daɗewa. Kai koyo kake, zagaye mai yawa kake buƙata. Ba lallai ka same ta a shago a nan ba, mai yiwuwa sai an kawo maka daga Legas ko daga waje, don haka kar ka bari sai ana gobe wasa.

Rim ɗin fili kuma ka nemi inci 17, duka huɗun faɗinsu ɗaya, taya girma ɗaya, misali 245/40 R17. Taya inci 17 ta fi araha. Girma ɗaya gaba da baya yana ba ka damar juya su bayan kowane wasa su ci daidai, abin da ba za ka iya yi da tsarin da motar ta zo da shi ba. Yana kuma rage ƙin bin sitiyarin da gaba ke yi a kwana. Ramukan rim na BMW na wannan zamanin biyar ne, awon 5x120, wato suna jere a da'ira mai faɗin milimita 120. Sai dai birkin gaban 335i babba ne, ba kowane inci 17 ke rufe shi ba. Ka je kasuwar Panteka da motar, a ɗaga a ɗaura, a juya da hannu, a murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe ka ga ba ya gogar komai, sannan ka biya. Ka sa a ɗora kowane rim a injin balansin babu taya ka kalli yadda yake juyawa. Wanda aka taɓa yi wa walda ko aka daddaka aka miƙe, bar shi ko da kyauta ne.

Cinyewar kafaɗar waje da ka ambata ba laifin taya ba ne kaɗai. A kwana mai tsanani motar na kwantawa, tayar gaba ta waje ta naɗe ta koma tafiya a kan kafaɗarta. Maganinsa na dindindin shi ne a ɗan karkatar da saman tayar gaba ciki, wajen digiri 2, wanda a motarka sai an sa wani faranti a saman shokozoba. Kafin ka kai nan, a duba maka bushin na ƙafar gaba da saitin ƙafa, don ramukanmu na kashe su, kuma sabuwar taya a kan matacciyar ƙafa wata biyu ta yi yawa. Sannan ga abin da za ka yi da alli. Kafin ka shiga fili, ja layi uku da farin alli daga kan zanen taya ka gangaro zuwa gefe. Yi zagaye biyu ka fito ka duba. Inda allin ya goge, nan ne iyakar inda taya ta taɓa ƙasa. Idan ya goge har ya sauka kan gefen da rubutu yake, tayar na naɗewa, ƙara mata iska kaɗan. Idan ya tsaya nesa da bakin kafaɗa, iska ta yi yawa, sassauta.

Batun iska zan tsaya a kansa, don a nan ake cutuwa kullum. Da yawa daga masu faci, in ba ka yi magana ba, 45 ko 50 a awon PSI na gejin iska za su ɗura maka, wasu ma da bugun ƙarfe suke aunawa. Lambar 50 ko 51 da ke jikin taya iyaka ce da ba a so a wuce, ba ita ce iskar motarka ba. Taka na jikin ƙofa, talatin da wani abu. Sayi gejinka, ka auna da safe kafin ka motsa. A fili kuwa, iska na hawa da zafi, tana iya ƙaruwa da 5 ko fiye cikin 'yan zagaye. Don haka ana farawa ƙasa kaɗan da iskar titi, a auna da zarar an fito tana da zafi, a saita ta tsaya tsakanin 34 da 36, sannan alli ya gaya maka sauran. Idan da tayar za ka koma gida, jira ta huce ka mayar mata da iskar titi. Mutane na mantawa, su hau hanya da taya 26, rami ɗaya ya tsaga ta.

Yanzu 'yan Beljiyam. Na san halin da ake ciki, na san abin da sabuwar taya ke ci. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, kusan duk tayar ƙaramar mota da muke hawa daga waje take, farashinta na bin dala. Ba na raina wanda ya sayi ta hannu don ya kai 'ya'yansa makaranta. Amma kai za ka kai taya iyakar ƙarfinta da gangan, kuma ba ka san tarihinta ba. Ba banza ba tsohuwar tayar ƙaramar mota take cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su. Da yawansu tayoyin sanyi ne da aka cire a Turai. Duba gefenta: idan ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, ko ka ga zanenta cike da ƙananan tsagogi masu lanƙwasa kamar an yanka da reza, an yi ta ne don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Mu kuma a Maris da Afrilu iska kanta na dosar 40, balle kwalta da rana tsaka. Irin wannan robar laushi take yi ainun, birki ya yi nisa, zane ya ɓare. Wasu kuma an cusa su cikin juna uku-uku ko huɗu-huɗu a kwantena don rage kuɗin fito, wayoyin ciki sun lanƙwashe tun kafin su iso. Wannan ma sababbi ba su tsira ba, shi ya sa ko sabuwa ce ka tsayar da ita ka ga bakinta bai murɗe ba.

Kowace taya ka duba shekararta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi layin zuwa ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 1424 na nufin mako na 14 na 2024, farkon Afrilu ke nan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana jan kunne a kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Kamfanonin taya sukan ba da wa'adi mafi tsawo, amma da zafinmu da kuma abin da za ka yi da ita, ni ba zan karɓi wadda ta haura shekara biyu a ajiye ba. Shafa wurin lambar da yatsa. Idan ya yi tudu daban ko launinsa ya bambanta da sauran, an taɓa shi. Sa hannu cikin tayar ka zagaya, ka ji ko akwai faci, musamman kusa da gefe. Facin gefe ba faci ba ne.

Abu guda da ya keɓanci motarka: ta zo da tayar da ke tafiya ko babu iska, kuma ba ta da safaya a but. Irin wannan tayar gefenta na da kauri, tana iya kai ka wajen kilomita 80 a gudun da bai wuce 80 ba bayan ta sace, kamar daga nan zuwa Zariya. Tana da tauri, tana dukan ƙafar mota a rami, ta fi tsada, kuma tayoyin da na lissafa maka a sama galibi ba irinta ba ne. Yawancin masu irin motarka suna komawa taya ta gama-gari kuma suna jin daɗin canjin. Idan za ka koma, koma duka huɗu, kada ka gauraya. Kuma ka sayi safaya da jak da sifana da ɗan famfon da ake jonawa a mota kafin ka sake hawa hanyar Abuja. Ni da kai mun san akwai wuraren da mutum ba ya son tsayawa a wannan hanyar yana neman mai faci. Rim ɗin fili ɗaya ma zai yi maka safaya na ɗan lokaci.

Wajen ɗaurawa, kai inda ke da injin cire taya. Gajeren gefe ba ya son ƙarfe da guduma, kuma motocin da aka yi wa Amurka a wannan shekarar suna da na'urar auna iska maƙale da bawul ta ciki, da sauƙi ake karya ta. Tayar da aka rubuta wa OUTSIDE, wannan fuskar ta kalli waje. Mai kibiya, kibiyar ta bi juyin gaba. Notin ƙafa awon ƙarfin ɗaurinsa 120 Nm ne a sifana mai awo, ba a hawa kan sifana da ƙafa. Kuma da zarar ka sa taya mai kamu, birki zai fi shan wuya, don haka canza ruwan birki kafin wasa na gaba.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Toyota Camry gare ni, kuɗin taya biyu kawai nake da shi a yanzu. Mai faci ya ce a sa sababbin a gaba tunda nan injin yake. Haka ne?
— Wata baiwar Allah daga Malali

AMSA: Hajiya, a sa su a baya, ko da motarki da gaba take ja. Idan gaba ya zame a ruwa za ki ji a sitiyari, ki ɗaga ƙafa daga totur, yawanci motar ta dawo. Idan baya ya zame, motar juyowa take gaba ɗaya, kuma direbobi kaɗan ne ke iya kamo ta. A mayar da masu dama-dama daga cikin tsofaffin zuwa gaba. Amma ki leƙa cikin tsagoginsu, akwai wasu 'yan tudu da aka gitta a ciki. Idan zane ya zo daidai da su, saura milimita 1.6 ke nan, tayar ta gama. Haka idan kika ga kumburi a gefe, wannan wayar ciki ce ta tsinke, ko yaushe tana iya yin bindiga. In haka ne, a cire ta a yau, ko da safaya za a sa kafin kuɗin sauran su samu.

TAMBAYA: Baba, wace taya ce ta fi ba da hayaƙi? Bikin yayana ya kusa, muna so mu yi wasan mota wajen rakiyar amarya.
— Wani matashi daga Tudun Wada

AMSA: Ɗana, Allah ya sa alheri a auren yayanka, amma wannan ba zan taya ka ba. Titin unguwa akwai yara a bakinsa, akwai masu talla, akwai 'yan acaɓa, kuma an sha mayar da gidan biki gidan makoki ta wannan hanyar. Taya na fashewa tana tsakiyar juyi, motar ta tafi inda babu wanda ya nufa, 'yan kallo kuma ba su da inda za su gudu. Idan da gaske kana son koyon juya mota, nemi irin su mai tambaya ta farko, fili mai shinge, 'yan kallo nesa a bayan wani abu mai ƙarfi, hular kwano a kanka, bel a ɗaure. A can, sa taya mai kyau a gaba don da ita kake sarrafa motar, ka sa sababbi masu araha a baya, ka riƙa fitowa kana dubawa. Da ka ga waya ta leƙo, tsaya ka canza. Rakiyar amarya kuma a tafi a hankali, a kai ta ɗakinta lafiya.